Yanyawar da Shekarau Ya Tsayar

Duk wanda ya san Shekarau, mijin yayata Hajo, ya san idonsa kullum a ƙasa yake in yana tafiya. Daga gidansa zuwa kasuwar Filingue ba nisa, amma sai ya cinye hantsi a hanya, don ba ya wuce ƙusa, ko guntun waya, ko marfin kwalba. Yana da rumbu guda a bayan gida wanda bai taɓa ganin gero ba, nan yake tara su. In ka ce masa abu ya mutu, sai ya jujjuya shi a tafin hannu ya ce, "Bai mutu ba. Gajiya ya yi."

Ya taɓa tsintar takalmin gardi, irin na dogaran Faransawa, ƙafa guda. Shekara biyu yana sa shi a dama, fade a hagu. Na ce, "Yaya, ɗayan fa?" Ya ce, "Yana nan tahe."

'Yan shekaru kafin Faransawa su tafi, wata safiya kamiyon, babbar motar kayan da ke zuwa daga Baleyara, ya buge yanyawa a bakin gari. Shekarau ya kawo ta gida a kafaɗa. Hajo tana daka, ta ajiye taɓarya.

"Wagga ma gajiya ta yi?"

"Ƙwarai. Ran kasuwa za ki gan ta tsaye bisa ƙahwahunta."

"To, na ji. In ta tsaya daga sahe har la'asar, na bar maka tarkacenka har abada. In ta hwaɗi, wuta zan sa ma rumbun nan."

Ya yarda, a gaban maƙwabta. Tarin shekara ashirin ne a rumbun, kuma kowa ya san Hajo ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba.

Shekarau ya taɓa yin aikin kuku a gidan wani Anasara a Yamai, mai ɗura fatun dabbobi yana jera su a ɗaki kamar masu rai. Ni kuwa majemi ne, ɗan majemi, don haka wurina ya zo. Ya tsaya a kaina ina fiɗa yana karanto abin da ya gani.

"Gado, tsaga guda, ƙarama, a ciki. Ka zare ta kamar riga. Kar ka taɓa kunne, kar ka taɓa leɓe. Wutsiya a ja ƙashin a hankali. Ka kankare kitsen tas, ka cika ta da gishiri, ka shanya a inuwa. Inuwa na ce, ba rana ba."

"Yaya, tun ban yi gemu ba nike jima."

"Awaki ka sani. Wagga ta Anasara ce."

Fiɗa ta yi kyau. Kuskuren daga baya ya zo, kuma nawa ne. A gidanmu duk fatar da ta shigo, kwatarniyar toka take fara shiga, don gashi ya saki. Washegari ina da fatun awaki shida. Hannuna ya kwashe su bakwai ya tsoma, ban ko duba ba. Bayan kwana biyu na ciro yanyawa sumul, ba gashi ko ɗaya, kamar tafin hannu.

Na kai masa ina jiran zagi. Ya daɗe yana kallonta. Sai ya ce, "Gashin yana ina?"

"Cikin kwatarniya, haɗe da na awaki."

"To, bai mutu ba."

Ya tace ruwan da matankaɗin Hajo, ya wanke, ya shanya, ya jiƙa ƙaro ya zauna yana liƙawa. Kwana uku ya yi. Jan gashi ya ƙare a kafaɗa, saura ya cike da na akuya, baƙi da fari. Ƙafafu ya sa musu wayar keke. Ido guda maɓallin rigar soja ne, ɗayan tsakiyar da ya ce ya tsinta, Hajo ta ce a wuyanta ya tsince ta.

Saura ɗuri. Anasaran da auduga yake yi. Shekarau ya ce auduga ta zare ce, ba a ɓarnarta. Ya je masussuka ya kwaso ƙaiƙayi kyauta. Na ce, "Yaya, akwai sauran tsaba ciki." Ya ce, "Ta ƙara mata nauyi."

Ran kasuwa ya kafa ta a ƙofar gida. Ta tsaya kuwa. Mutanen ƙauye suka riƙa ratsowa kallo. Wani tsoho daga wajen Tabla ya zagaya ta sau biyu, ya ce shi dai a dajinsu babu irinta, kuma ba ya son sanin uwarta.

Wajen azahar wata kaza ta matso, ta kalli dabbar da ta cinye mata dangi, ta kai sara a ɗinkin ciki. Tsaba ta zubo. Kafin Shekarau ya dawo daga alwala, kajin unguwa duka sun taru. Yanyawa ta durƙusa da ƙafafun gaba, sannan ta kwanta a hankali.

Hajo ta fito da garwashi a kasko.

"Hajo," in ji shi, "rabin yini ta tsaya. Rabin rumbu ke naki."

Ta dube shi, ta dubi kajin, dariya ta ci ƙarfinta har ta ajiye kaskon. Rabin ta kwashe ta zubar a juji, ba ta ƙona ba. Kafin damina ya tsince shi duka, ɗaya bayan ɗaya, ita kuma ta yi kamar ba ta gani.

Bara da kaka Shekarau ya kwanta, kwana huɗu ya cika. Bayan an kai shi, samari suka ce a rushe rumbun a sami fili. Hajo ta ce duk wanda ya taɓa shi, da ita ya yi. Da na shiga yi mata gaisuwa na tarar da takalmin gardin a bakin ƙofa, ta goge shi. Na zauna. Ita ta fara magana.

"Gajiya ya yi, Gado."

Allah ya ba shi hutu. Allah ya yafe masa, ya tsince shi cikin waɗanda bai yar ba. Amin.