Bakaniken da Ya Kushe Motar Ƙanensa

Kafin rana ta ɗaga, Baba Sai-da-safe ya riga ya share ƙofar garejinsa, ya jera sifanoni a kan tebur, ya naɗe tsohon kwalin da yake kwanciya a kai ya ɗaure a bayan babur. Daga nan sai filin masu sayar da motocin hannu, domin da wuya gari ya waye ba a sami wani magidanci ko wata uwar 'ya'ya da ta roƙe shi ya raka ta duba jif ba. Dillalai ne suka laƙaba masa wannan suna, kuma ba don ƙauna ba. Ko kuka za ka yi masa, ba ya duba mota da rana. "Sai da safe," haka zai ce maka. Mota mai ciwo idan ta ɗau zafi ɓoye ciwonta take yi, shi ya sa yake son ya same ta ta kwana, ya dafa bonet ya tabbatar ba wanda ya riga shi tayar da ita.

Mai saye yana can yana shafa fenti yana yaba kujeru, Baba kuwa tambayarsa ɗaya ce: "Ƙirar wace shekara ce?" A cewarsa, duk lokacin da kamfani ya canza wa mota fuska da injin, a kan waɗanda suka fara saye yake koyon aiki. Ka bar musu shekarar farko, ka nemi ta gaba, wadda aka riga aka gyara mata kurakurai. Ba a littafi ya karanta ba. Shi ake kawo wa su idan sun mutu a hanya, ya kwance cikinsu har ya san wace shekara ce mai shan baƙin mai, wace ce giyarta ke fizga idan ta ga hawa. In aka ce masa ai sabuwar ta fi kyau, sai ya ce, "To, kyan ne zai tura ta in ta tsaya da kai da yara a daji?"

Masu irin wannan labari a kansa suna da yawa. Amma abin da ya sa ake wannan jinjina shi ne abin da gaskiya ta jawo masa a cikin gidansu.

Baba yana da ƙane guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda kowa ke kira Auta. A hannun Baba ya tashi bayan rasuwar mahaifinsu, kuma shi ma harkar mota ya kama, sai dai shi sayarwa yake yi. Wata rana wata ma'aikaciyar jinya ta zo gareji. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara da surukarta mai ciwon ƙafa, kuma da ɗan abin da ya bari take son ta sayi jif da za ta riƙa kwashe su gaba ɗaya. Ta ce ta riga ta ga wata fara tas da ta kwanta mata a rai. Da ta faɗi inda ta gan ta, ashe filin Auta ne.

Washegari suka je. Auta ya tarbe su baki har kunne. "Malama, ai kin taki sa'a. Wannan yayana ne, in ya ce miki e, ki rufe ido ki biya."

Baba ya dafa bonet, ya leƙa lambar jikin ƙofa mai nuna shekarar ƙira. Shekarar nan ce da ya fi tsoro. Duk da haka bai yanke hukunci nan take ba. Ya shimfiɗa kwalinsa ya shiga ƙarƙashi, ya daɗe fiye da yadda ya saba, kuma daga baya ya gaya wa matarsa cewa addu'a yake yi Allah ya sa wannan ta fita daban. Ya fito ya ja ta zuwa hawan da ke bayan filin. Suna fara hawa, giyar ta fizga. Kaɗan ne ƙwarai, ma'aikaciyar jinyar ma ba ta ji ba, tana can tana cewa, "Baba, ka ji sanyin ciki kuwa?"

Da suka dawo, Auta ya kafe shi da ido. Baba ya san ƙanen nasa ya zuba ƙarfinsa a wannan mota, ya kuma san in ya yi shiru ba wanda zai taɓa kama shi. Ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "'Yata, ba na ba ki shawarar wannan. Ki nemi ta shekarar da ta biyo bayanta, ko da fentinta ya koɗe."

"Yaya!" in ji Auta. "A gabana?"

"A gabanka ya fi a bayanka, Auta."

Auta ya karɓi makullinsa ya shige ofis. Daga ranar ya ɗauke ƙafa. Ya daina zuwa gaisuwa, ya daina ɗaga waya, in sun haɗu a taron dangi sai ya miƙa hannu kansa na kallon wani wuri. Babbar yayarsu ta kira Baba ta wanke shi tas. "Kai wane irin mutum ne? Ba sai ka ce kanka na ciwo ka ƙi zuwa ba?" Baba ya ce ai da ya ƙi zuwa, da matar ta saya. Farar jif ɗin kuwa wani ya saye ta ya yi gaba, ba wanda ya sake jin labarinta, don haka Baba bai ma sami abin da zai nuna ya ce ga shi ba.

Wallahi abin ya ci shi. Mutumin da ke cika gareji da barkwanci ya koma shiru-shiru. Matarsa ta ce sau da yawa yakan kama hanyar gidan Auta a kan babur, in ya kai kwanar layin sai ya juyo. Ita kuwa ma'aikaciyar jinyar, Baba ya yi ta yawo da ita fili-fili har suka sami wata mai ruwan ƙasa, mummuna ba laifi, yaranta har suna jin kunyar a sauke su a ƙofar makaranta. Yau babban cikinsu ne ke tuƙa ta, kuma kakarsu ba ta taɓa kwana a hanya ba.

Baba, kai ne ka san ɗacin wannan magana ka kuma faɗe ta. Kai ne mai duba motar marayu kamar jikokinka za su hau. Mu da muka bi ta hannunka muna tafiya da iyalinmu hankali kwance, da yawanmu ba mu san abin da ka biya ba.

Bana gwiwoyi suka ce sun gaji. In ya shiga ƙarƙashin mota sai an kamo hannunsa kafin ya tashi, don haka ya sanar cewa zai ajiye aiki. Ana sauran 'yan kwanaki ya miƙa garejin, yana zaune a kan benci yana ware kayan da zai rabar, sai ga inuwar mutum a ƙofa. Auta ne, gashinsa ya yi furfura, yana ta juya makulli a hannu. Ya gaisa a daddafe, ya tsaya yana kallon bango.

"Yarinyar nan ce, 'yarka ta wajena, ta fari," ya ce. "Ta haihu, ga wurin aikinta da nisa. Na samo mata wata jif."

"Allah ya sanya alheri. Ai kai ma ka san mota."

"Na san mota, Yaya." Ya miƙo masa makullin. "Amma 'yata ce za ta shiga da jariri. Wanda zai iya kushe tawa a gabana, shi kaɗai na yarda ya duba."

Baba ya ajiye kayan da ke hannunsa. Ya jawo ƙanensa ya zaunar kusa da shi a kan bencin, dattawa biyu suna share hawaye da hannun riga, mai facin taya na maƙwabta ya juya baya kamar bai gani ba.

Mun gode, Baba. Allah ya huta gajiya, ya ba gwiwoyin nan lafiya, ya saka maka da aljanna. Ku kuma masu sana'a, duk wanda aka kawo wa amanar iyali, ya faɗi abin da ya gani ko da na gida ne zai ji haushi. Wanda kuma yake gaba da ɗan'uwansa don ya gaya masa gaskiya, kada ya jira sai 'yarsa ta haihu. Ya tashi ya je yau, tun yana da wanda zai tarar a kan benci.