Abin da Baffa Bai Faɗa Ba

Kamfanonin jiragen sama biyu ke nemana tuƙi, na gida da na waje. Jiya a Gumel yayana ya ce, "Da Baffa na raye, na waje zai zaɓar maka, sun fi biya."

Raina ya ɓaci. Baffan da na raka Maigatari neman makiyayi? Cikin warin kashin shanu ya shafa bayan saniyar da wani makiyayi ke kiwo, ya ji tabon bulala, ya janye hannuna. "Kafin ka ba mutum amana, duba wadda ke hannunsa."

Na ga matuƙan na wajen, idanu jajur don rashin barci. Yaya, so kuɗinka, amma bar bakin mamaci. Allah ya haskaka kabarinsa, ya hana mu yi masa ƙarya.