Fikof Ɗina da Taraktar Abokin Yaya

Sati biyar na yi ina shirya motar nan, yayana ya kashe ta a wuni ɗaya.

Tsohuwar fikof ce mai shan dizal, na saye ta a hannun wani malamin makaranta da ya ajiye aiki zai koma kudu. Niyyata in riƙa jan tankin ruwa a kan tirela ina kai wa magina a unguwar Kanvili, don idan rani ya kama a Tamale ruwa wuya yake yi, masu buga bulo kuwa ba sa jira. Na riga na yi magana da wani ɗan kwangila, ya ce in motar ta shirya aikin nawa ne.

Babanmu makaniki ne tun kafin a haife ni, kuma na tashi ina miƙa masa sifana, saboda haka hannuna ya san aikin. A lokacin idonsa ya daina gani. Sai ya zauna a benci a ƙofar gidanmu a Moshi Zongo, in tayar da inji, ya karkata kai yana saurare.

"Ƙara taka ta. Sake. Kin ji wannan kukan? Fanbel ne, ki canza shi."

Na cire lagireto na wanke, sai da laka ja ta cika bokiti. Na juye baƙin mai, na canza filta, na sa sabon birki da sabon kuloci, na ƙara wa sifirin na baya ganye bibbiyu. Mai walda ya liƙa mini ƙugiyar jan tirela a jikin bamba. Na ce ya yanke ta, ya ɗaure a ƙarfen da ke riƙe da motar duka, da manyan noti.

"Hajiya, haka kowa ke yi," in ji shi.

"To ni ba kowa ba ce. Yanke."

Na gwada ta da rabin tanki, sannan da cikakke. Inji bai yi zafi ba, birki ya riƙe. Baba ya dafa jikinta ya ce ta yi. Ranar Asabar zan fara aiki.

Ranar Alhamis na hau babur na tafi gaisuwar rasuwa a Tishigu, na bar makulli a rataye a ɗakin Mma, mahaifiyarmu. Da na dawo bayan azahar, babu mota a ƙofar gida.

"Yayanki ne ya ɗauka," in ji Mma, ko ɗago kai ba ta yi ba daga tsinar shinkafa. "Yanzu zai dawo."

Yayan nan nawa bai taɓa zuwa ya riƙe mini ko noti ɗaya ba a sati biyar ɗin. Wucewa yake yi da farar rigarsa yana cewa mace a ƙarƙashin mota abin kunya ne. Ashe taraktar wani abokinsa ce ta mutu a gona, ta hanyar Yendi, ta kafe a kwazazzabo da garma a bayanta. Shi kuwa ya bugi ƙirji ya ce akwai mota a gidansu. A gidansu!

Na kira wayarsa har na gaji. Bayan la'asar sai ga wata tifa ta shigo layinmu tana jan fikof ɗina da igiya, Yaya yana zaune a sitiyari. Tun daga nesa na ji ƙaurin kuloci. Daga baya direban tifar ya faɗa mini cewa ya same shi ya ɗaure taraktar a bayan motar yana ta ba ta wuta, ƙafarsa a kan kuloci, hayaƙi na tashi, taraktar ko motsi ba ta yi ba.

Yaya ya fito yana karkaɗe riga.

"Motar taki ba ta da ƙarfi," in ji shi. "An cuce ki."

Na ce, "Yaya, wa ya ba ka? Ka tambaye ni? Ka san nauyin tarakta kuwa?"

"Ni zan tambaye ki? Ni na goya ki fa."

Mma ta fito da sauri tana cewa in sassauta murya, maƙwabta na ji, kuma yayana ne. Baba ya laluba ya isa wurin motar, ya sunkuya ya shaƙa. Ya ce, "Ka ƙona ta." Na tsaya ina jiran sauran maganar. Sai ya juyo wajena ya ce, "Ki yi haƙuri, uwata." Wannan ya fi komai ƙona mini rai, don duk gidan shi kaɗai ya san abin da aka lalata.

Da na buɗe, kuloci ya zama gawayi, haƙoran giyar farko sun kakkarye, ganyen sifirin ɗaya ya tsage. Sai daga Kumasi aka samo mini kayan giya, sati uku ina jira. Ɗan kwangilar ya ɗauki wani mai tanki, kuma ban ga laifinsa ba. Kafin in gama haɗa ta, ruwan sama ya sauka. Na ƙarasa shekarar ina ɗauko wa mutane buhunan masara.

Yaya bai taɓa ba ni haƙuri ba. Bayan wata huɗu, a wurin sunan ɗan ƙanwarmu, na ji shi a cikin maza yana ba da labarin, wai ƙanwarsa ta sayi gwangwani tana kira mota. Suna ta dariya. Ina ɗauke da tiren waake, shinkafa da wakenmu na nan, zan kai musu. Na ajiye shi a gabansu, na tsaya, na faɗi abin da ya faru tun daga makullin da ya ɗauka har zuwa tifar da ta jawo shi. Ban ɗaga murya ba. Wani dattijo direba ya dube shi ya ce, "Tarakta da garma? A kwazazzabo? Kai kuwa!"

Yaya ya tashi ya bar wurin bai ci abinci ba. Mma ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwata.