Hannun Hagun Odell Mai Faci

A garinmu na yammacin Texas, duk yaron da ya iya jifan ƙwallon nan mai tsini biyu, a bayan shagon Odell Pruitt ya koya. Odell mai facin taya ne. Ya rataye tsohuwar taya a reshen bishiya, shekara arba'in yana horar da 'ya'yan mutane su zura ƙwallo ta tsakiyarta. Ga cika baki! Wai bai taɓa kasa koya wa yaro ba.

Sai ga jikarsa Maybelle, 'yar shekara tara, ta ce ita ce za ta zama mai jifa a ƙungiyar yaran unguwa. Ranar Asabar ta ƙarshen wata za a yi zaɓe. Shi kuwa kafaɗarsa ta dama ta daɗe da mutuwa, ko cokali da ƙyar yake ɗagawa, sai dai ya koyar da baki.

"Yatsu a kan ɗinkin ƙwallon! Juya kafaɗa! Saki!"

Ƙwallon ta tashi tana tangaɗi, ta faɗi a kwata.

"Ke, wannan jifa ne ko agwagwa kika harbo?"

"To Kaka, jefa mu gani mana, tunda bakinka ya iya!"

Mako uku ana haka. Wallahi tsohon ya rame, tsoro yake kada a ce ya koya wa gari ya kasa koya wa jininsa.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu zaɓe, yana gasa nama a tsakar gida, karen maƙwabta ya wafce tsoka guda ya arce. Maybelle ta suri ƙwallo a fusace ta wurga. Tabɗi! Ƙwallon ta miƙe tana murzawa kamar an ja zare, ta daki katanga dab da kunnen karen.

Odell ya yar da wuƙa. "Da wane hannu kika jefa?"

Ta ɓoye hagunta a baya. "Ai kai ka ce da dama ake yi."

"Sake! Sake, 'yar nan!"

Ta sake, ƙwallo ta ratsa taya. Ta kuma, ta ratsa. Tsoho ya dinga tsalle yana ihu har maƙwabta suka leƙo ta shinge.

Can sai idonsa ya kawo ruwa. Shi ma bahago aka haife shi. Yana ɗan shekara takwas mai horar da su ya ɗaure masa hagu da bel, wai bahago yana murza ƙwallo a baibai, masu cafewa ba sa so. Ya yarda, har ya koyar da hakan.

"Miƙo min ƙwallon," ya ce.

Ya ɗora yatsun hagu a kan ɗinkin.

"Kaka, juya kafaɗa," in ji Maybelle, tana ja da baya da gudu, hannuwa a buɗe. "Saki! Ina nan!"