Ranar da Na Rubuta Cewa Innata Ba Ta Aiki

Ko tsufa ya kwashe min tunani, wannan katoɓarar dai ba zan manta da ita ba.

Shekarar da na gama karatun tattalin arziki a jami'a, wata cibiyar bincike ta ɗauke ni in bi gida-gida a unguwarmu Madabo, ina tambayar yadda iyalai suke rayuwa. An yi mana bayanin abin da gwamnati za ta yi da sakamakon, amma ni hankalina yana kan katin da aka rataya min a wuya. Har masallaci nake shiga da shi.

Tambayoyin da Turanci suke, ni kuma gwani, sai na fassara ɗaya daga ciki da "Kina aiki?" To, a cikin gari in ka ce aiki, ofis da albashi ake ji. Wata tana ɗinkin hula ta ce min a'a. Wata hannunta dumu-dumu da man ƙuli ta ce a'a. Ni kuwa sai cike takarda nake, ina tausayin mutanenmu.

Har Inna, mahaifiyata, na tambaya. Tana murza ƙaramin injin taliyarta na hannu, tana dafe kafaɗar da ta daɗe tana damunta, ta ce wane aiki, ita da ko aji ɗaya ba ta shiga ba? Na rubuta ba ta aiki. Wallahi da hannuna.

Bayan watanni aka fara raba wa mata masu sana'ar gida injuna masu amfani da hasken rana. Inna ta sa rai ƙwarai, ta ce kafaɗarta za ta huta. Aka tsallake Madabo. Mai unguwa ya bi sawu, aka nuna masa rahoto: matan nan ba su da abin yi.

Da labari ya iso gida, Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni ta ce, "Kai da taliyar nan ta kai jami'a? Ai da sana'a ka ce, da sai takardarka ta ƙare."

Kunya ta hana ni cin abinci ranar, kuma taliya aka dafa.

Ta ƙara shekaru tana murzawa da wannan kafaɗar. Tun daga nan na gane, kafin ka tambayi mutane, fara koyon sunan da suke kiran wahalarsu da shi.