Ruwan da Na Nuna wa Yaya

Cikin dukan abubuwan da suka taɓa hana ɗan Adam isa inda ya nufa, tun daga ambaliya har zuwa yaƙi, ban san wanda ya kai kujerar bayan mota ɓarna ba, muddin babu kowa a kanta. Haka nake faɗa a majalisa, ana dariya. In na kaɗaita kuwa, nakan yarda cewa wanda ya riƙe sitiyari ma yana da nasa kason.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da labarin ƙasa a Suleja. Na zana teku a allo fiye da yadda zan iya tunawa, da shuɗin alli in an samu, da fari in ba a samu ba. Na hukunta 'ya'yan mutane a kan igiyar ruwa da gishirinsa, alhali ni kaina ban taɓa ganin ruwan da ya wuce kogin Kwara a Lokoja ba.

Yayana manomi ne a Maje. Shi aka bari a gona, ni aka kai makaranta, kuma duk gorin da ya taɓa yi mini bai wuce kirana Ticha ba, ko a gaban surukai. Da gidajen 'yan Abuja suka haɗiye gonarsa, sai ya koma zaman ƙofar gida. A nan ne idonsa ya fara ba shi matsala. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, kuma gani zai riƙa tsukewa daga gefe kamar bakin jakar da ake jan zarenta.

Ranar da na je duba shi ya ce, "Ticha, tekun nan da kake ta ba yara labari, ka kai ni in gan shi tun ina iya gani."

Na ce, "To, Yaya."

A lokacin yana zira zare a allura da kansa. Da na ɗauke shi a satin, da ba ni da abin rubutawa yau.

Sai dai na karanta littattafan matafiya da yawa, na kamu da cutarsu. Na yi imani cewa wanda ya isa teku bai bi ta duwatsu ba, kamar wanda ya buɗe littafi ne daga shafin ƙarshe. Na ce sai na yi ritaya. Na yi. Na ce sai na sayi mota. Na sayi wata tsohuwa 'yar Kwatano. Na ce sai an sauke injin an duba. Sannan na shimfiɗa taswira a tsakar gida na ja layi da jan biro: Akwanga, Hawan Kibo, Jos, a sauko Lafiya, a haye Binuwai, a hau tsaunukan Obudu, a gangara kudu har ƙasa ta ƙare. Duk wannan ya ci shekara biyu. Yaya bai sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya, ni kuma na ɗauki kawaicinsa a matsayin izini.

Akwai wata 'yar kudu da ke haya a shagon gaban gidana a unguwar Hashimi, tana sayar da busasshen kifi da manja. Madam muke ce mata. Ta leƙo ta ga taswirar, ta riƙe haɓa.

"Oga, wannan hanya naka ya yi dogo. Shiga babban bas da yamma, gobe ka kai. Me kana nema a dutse? Dutsen Zuma yana bayan gidanka."

Na ce mata sannu sannu kwana nesa. Ta ce ita dai ba ta son kwana a nesa. Na yi murmushin malamin da ɗalibi ya ba shi amsar da ba ta cikin manhaja.

Muka tsayar da rana, wata Litinin, saura kwana goma sha biyu a ɗaura auren ɗana na fari. Yaya ne zai karɓa masa auren, don haka dole mu kwana gida ranar Juma'ar sati na gaba. Na lissafa: kwana biyar zuwa, biyu a bakin teku, biyu dawowa, ga rarar kwana biyu kuma. Maiɗakina ta ce mu tafi, namiji a gidan da ake shirin biki cin wuri kawai yake yi.

Abin da ban saka a lissafi ba shi ne sallama. Ba a yin doguwar tafiya a sulale. Na zaga dangi da maƙwabta ina neman a yi mana addu'a, kowa kuma bayan ya shafa sai ya tambaya, "Ku biyu ne kawai a motar?" Da yammacin Lahadi kujerar baya ta ɓace. Wani maƙwabcin Yaya ya kawo doya a kai wa ɗansa da ke karatu a Akwanga. Ƙanwar maiɗakina ta ce ai Bukur a kan hanya take, ga keken ɗinki. Akwai zabi biyu a kwando na wata 'yarmu da ke aure a Lafiya. Wani Bafulatani daga Chaza, wanda ban taɓa sanin mun saba har haka ba, ya kawo man shanu a galan na ɗan'uwansa da ke kiwo wajen Gboko, kwatancen kuma shi ne a tambaya a kara, kasuwar shanu. Madam ta zo a ƙarshe da buhun wake da albasa da turmin atamfa na mahaifiyarta a Oron.

"Tunda za ka wajen ruwa, Oga, uwana yana bakin ruwa."

Ban ƙi ko ɗaya ba. Mai mota da wuri a baya ba ya cewa a'a, sai in ya shirya a riƙa nuna shi da baki har jikokinsa.

Shi kuwa saƙo, kai shi ba ya cin lokaci. Abin da ke ci shi ne godiya. Wanda ka kawo wa kaya daga gida ba zai bar ka ka juya daga ƙofa ba. A Bukur muka kwana biyu, domin mijin wadda muka kai wa keken ya rantse sai mun kwana, kuma an riga an yanka kaza. A Lafiya 'yarmu ta fashe da kuka da ta ga Yaya, surukanta suka ce ba a taɓa yin iyayen amarya sun zo sun koma a rana ɗaya ba, ko da amaryar tana da 'ya'ya huɗu. Nan ma biyu. Mai man shanu ya ci mana yini guda da rabi. Muka yi ta bin kwatance daga ruga zuwa ruga, ashe ya tashi tun bara. Da muka same shi a wani kwari, ya dubi galan ya ce su ma suna da man shanu, amma an gode.

Zan yi ƙarya in na ce hanyar ba ta yi kyau ba. A Hawan Kibo na faka a gefe, ƙasa ta buɗe a ƙarƙashinmu, gonaki da rafuka har iyakar gani. Na tsaya na yi wa Yaya darasi cikakke a kan yadda tudun ya samo asali. Yana ta cewa madalla. Sai daga baya na tuna cewa ina nuna gabas, shi kuwa fuskarsa tana wajen wata tirela da ta lalace.

A Obudu motar ta yi ta nishi a kwana-kwanar hawan, giya ɗaya, giya biyu, zafin inji yana tashi. Can sama sanyi ya kama mu, ciyawa ta kwanta a kan tsaunuka kamar an shimfiɗa darduma, gajimare yana wucewa ta tsakaninmu da shanu. Yaya ya lalubo hannuna.

"Ticha, hazo ne ko idona ne?"

"Gajimare ne, Yaya. Muna cikinsa."

"To, da sauƙi."

Na ji daɗin amsar, domin gaskiya ce. Washegari da hantsi muka sauko, rana tarwai, ko ɗigon girgije babu. Muka tsaya sayen ayaba a bakin hanya, sai ya ce, "Gajimaren nan naku har nan ya biyo mu?"

Mai ayaba tana miƙo mini leda, na kasa karɓa. Na ce, "Yaya, tun yaushe?"

"Tun kafin ka gama da makanikenka. Na ga kana ta zane-zane, na ce kada in katse maka karatu."

Daga nan na daina faka mota don kallo. Amma kwanakin sun riga sun tafi, kuma hanyar kudu ba ta san gaggawa ba: ramuka, manyan motoci, shingen bincike inda sai an buɗe buhun wake an tabbatar wake ne. Muka shiga Oron ranar Laraba bayan la'asar, kwana na goma.

Mahaifiyar Madam tsohuwa ce ƙarama mai ƙarfin murya. Ba ta jin Hausa, Turancinta kuma ya fi ƙarfin nawa na aji. Ta rungume atamfar, ta taka rawa kaɗan, ta ɗora tukunya. Na roƙi arziki a nuna mana ruwa kafin abinci ya nuna. Ta ja mu da kanta ta wani lungu mai ƙarnin kifi, sai ga shi.

Ban taɓa ganin ruwa mai faɗi haka ba. Ɗaya gaɓar sai ka ƙura ido kafin ka hango wani siririn layin itatuwa. Kwalekwale suna shigowa, mata suna ciniki da ƙarfi, iska tana kaɗa rigunanmu. Na kuma san abin da nake kallo, domin na sha zana shi a allo. Bakin kogi ne. Tekun yana gaba. Na tambayi wani mai gyaran taru, ya ce a mota ba za a yi awa biyu ba.

Na tsaya ina lissafi, aikin da na iya ke nan. Rana ta kusa faɗuwa, ni kuma ba na tuƙi in magariba ta yi. In muka je da safe, Alhamis ta tafi. Komawa gida kwana biyu ce cur, ko da ba a tsaya gaida kowa ba. Ke nan za mu shiga Suleja ranar Asabar da yamma, an shafa fatiha an watse, ko kuma an yi ta jiran mai karɓar aure a gaban jama'a.

Yaya ya tsaya a gefena, ya ɗaga fuska yana shaƙar iska.

"Ina ganin haske, fari fat, ba iyaka. Shi ne, Ticha?"

"Shi ne, Yaya."

Ya ce in riƙe shi. Muka sauka matakala, ya tsuguna, ya ɗebo da tafin hannu ya ɗanɗana.

"Gishirin bai kai yadda kuke faɗa ba."

"Ruwan sama ne ya sirka shi."

"Ku dai 'yan boko, komai sai kun ƙara masa." Ya wanke fuska sau uku, ya shafa kai. "To, alhamdu lillahi. Allah Ya yi maka albarka."

Ban taɓa jin addu'ar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba. Da ma a gabana yake kamar da, da idonsa garau, ya kama ni da ƙarya ya ja mini kunne, da ya fi mini sauƙi.

Muka ci tuwon rogo da miyar ganye mai kifi, muka kwana, da asuba muka kama hanya. Kujerar baya ta sake cika, da busasshen kifi da manja na Madam, har da jarkar ruwan da Yaya ya sa aka ɗebo masa, domin a Maje akwai masu ciwon ƙafa da suka ji ana cewa ruwan teku magani ne. Ya raba shi a kwalabe. Wasu sun ce sun ji sauƙi.

Ganinsa ya ƙarasa tafiya kafin shekara ta zagayo. Har yau in baƙo ya zauna a ƙofar gidansa, sai ya ba shi labarin teku, ya ce fari ne, ya ce ƙanensa ne ya kai shi a motarsa. Na sha niyyar in sake ɗaukarsa, mu tafi kai tsaye, ko don ya ji ƙarar igiyar a kunnensa. Amma kafin nan sai na gaya masa abin da ya sa za a koma, kuma har yanzu ban sami ranar da bakina zai iya ba.

Dawowar tamu dai ba a tsaya ko'ina ba sai salla da shan mai. Na wuce garuruwa uku da muke da dangi, kaina a sunkuye kamar ɓarawo. Muka shigo Hashimi ranar Juma'a ana kiran magariba, ƙafata ta kumbura, bayana ya ƙage. Na ga ƙofar gida ba rumfa, ba kujeru, ba ko tukunya ɗaya a kan wuta. Maiɗakina ta fito da buta a hannu.

"Sannunku da hanya, Malam. Ai an ɗaga."

"An ɗaga me?"

"Auren. Tun ranar Talata suka aiko. Na ce kada a gaya maka a waya, in ka ji akwai lokaci sai ka ƙara sati kana kallon duwatsu."

An ɗaga shi da sati biyu. Kafinta ne bai gama gadon amarya ba.