Uwar Aro a Ƙofar Jirgi

A filin jirgin babu mai kiran ta da sunanta na yanka. Masu tura kaya, masu duba tikiti, har mai goge tayil, Uwar Aro suke ce mata. Aikinta rakiyar yaran da za su yi tafiya ba tare da babba ba. Iyaye su biya kuɗin rakiya bayan na tikiti, su sa hannu, ita kuma ta rataya wa yaro wata 'yar jakar roba a wuya mai ɗauke da takardunsa, ta kama hannunsa ta wuce da shi wurin bincike, ta zauna da shi har a kira fasinjoji, sannan ta danƙa shi ga ma'aikaciyar jirgi a bakin ƙofa. Nan ne iyakarta. Ta yi furfura a wannan aiki, ba ta taɓa ganin yadda ƙasa take daga sama ba.

Kowa ya ɗauka son yara ne, tun da ba ta haihu ba. Mijinta direban motar ma'aikata ne, mutum mai sanyin hali. Da ya rasu ta koma ɗakin baya a gidan ƙanenta. Gidan cike yake da yara, amma ba a taɓa ganin ta goya ko ɗaya ba.

"Yaya, ke fa naki yaran sai mai tikiti," in ji matar ƙanenta, tana dariya.

Ita ma ta yi dariya, don maganar ta taɓa gaskiya. Yaron gida in ya yi kuka uwarsa za ta zo ta karɓe shi, ba ko sannu. A filin jirgi kuwa, da zarar an sa hannu, doka ce ta ba ta yaron. Akwai wani jan layi a ƙasa kafin wurin bincike, wanda mai rakiya daga gida ba ya tsallakewa. Ba ta taɓa gaya wa kowa irin daɗin da take ji ba in ta juya ta ce wa uwa mai hawaye, "Hajiya, nan za ki tsaya." Daga layin nan zuwa ƙofar jirgi, in yaro ya ji tsoro ita zai duba.

Yawancin yaran sau ɗaya take ganin su. Ban da 'yar mai gyaran firij.

Ranar da aka fara kawo ta ba ta fi ƙugun Uwar Aro tsawo ba, takalmanta a juye, kitsonta kuwa kana gani ka san hannun namiji ne ya taje. Uban ya rabu da uwar, uwar ta yi aure a wani gari mai nisa, aka shirya yarinya ta riƙa yin hutun makaranta a can. Mijin uwar ke sayen tikiti. Kuɗin rakiya kuwa mai gyaran firij ya rantse babu mai biya sai shi. Yakan zo da rigarsa ta zuwa biki, farcensa da baƙin mai, ya miƙa kuɗin da hannu biyu.

"Mamana, ki bi Anti. Kar ki yi mata ƙiriniya."

"Ƙawata ce, bar mu," in ji Uwar Aro, ta durƙusa ta gyara mata takalma.

A ranar ce ta ƙirƙiro abin da babu shi a dokar kamfani. A hanyar zuwa ƙofar jirgi akwai wani lungu bayan shagon turare, da taga mai kallon wurin ajiye motoci. Ta ce wa uban ya je ya tsaya kusa da rumfar masu gadi. Ta ɗaga yarinyar ta ɗora a kan dakalin tagar. Hasken rana na dukan gilashin, daga ƙasa ba a ganin fuska, sai tafin hannu in an manna shi. Yarinya ta manna nata. Can ƙasa mutumin ya cire hula yana kaɗawa kamar mai korar kaji.

Haka aka yi ta yi kowane hutu. Uwar Aro ta san ranar rufe makarantar yarinyar fiye da malamanta. In ranar ta faɗo a hutunta sai ta yi musaya da wata. Ita ta fara ganin haƙorinta ya fita, ita ta ji labarin ƙanin da aka haifa a can, ita aka tambaya a cikin raɗa, "Anti, in na ce wa Baba ɗakina na can ya fi kyau, zai ji haushi?" Ta ce kar ta faɗa. A daren ta kasa cin abinci don murna, an ba ta sirrin da ba a ba uwa ba, ba a ba uba ba.

Dokar kamfanin ita ce, yaro in ya cika shekara goma sha biyu rakiya ta zama ganin dama. Uwar Aro ta fi kowa sanin haka, kuma tana kallon shekarun yarinyar suna hawa a jikin takarda.

Hutun da ya biyo bayan cikar shekarun, mai gyaran firij ya ja ta gefe yana sosa ƙeya.

"Anti, wai an ce daga bana ba dole ba ne? Kin san kasuwa, kowa ya koma gyara da kansa."

Ba ta shirya ba. Bakinta ne ya riga ta.

"Da ne. An canza. Sai ta ƙara girma."

"To, ai shi ke nan. Doka ta fi ƙarfinmu."

Ya biya. Kuɗin ba aljihunta suke shiga ba, ko sisi. Da wannan ta riƙa rarrashin kanta. Hutu na gaba mutumin ya zo a motar haya, ba a kan babur ɗin da ya saba zuwa da shi ba. Ta lura, ba ta tambaya ba.

Yarinyar kuwa ta yi tsawo har ta kamo ta. Ta fara tura jakar robar cikin mayafi, ta daina ba da hannu sai dai su jera. A taga ma sai Uwar Aro ta tuna mata.

Ranar da abin ya fashe, sun zo tun da hantsi. Uwar Aro ta taho da jakar robar tana murmushi.

"Ƙawata, an girma! Kawo wuyan."

Yarinyar ta ja da baya.

"Ba zan sa ba."

"Mamana, mene ne haka?" in ji uban.

"Baba, wancan zuwan na zauna kusa da wata sa'ata, ita kaɗai, ba komai a wuyanta. Na tambayi ma'aikaciyar jirgi, ta ce tun bara na wuce dole." Ta juyo ta dubi Uwar Aro ido cikin ido. "Anti, kin san ya sayar da babur ɗinsa?"

Mai duba tikiti ta sunkuyar da kai a kan na'urarta.

"Ba don wannan kaɗai na sayar ba," in ji uban a hankali. "Kuma ai na sani. Na tambaya a ofis tun wancan karon."

"Ka sani ka biya?"

"Mijin uwarki ya sayi tikiti, ya sayi akwati, ya sayi wayar da ke hannunki. Ni in ban biya wannan ba, me zan ce na yi a tafiyar?"

Yarinyar ta dube shi, ta dubi matar, manya biyu da suka rataya mata jakar yara a wuya shekara guda, kowa don biyan buƙatar kansa. Idonta ya kawo ruwa amma ba ta bari ya zubo ba.

"Ni dai ba kaya ba ce," ta ce. Ta karɓi tikitinta, ta rungume uban a gurguje, ta tsallake jan layin ita kaɗai.

Uban bai kai ƙara ba. Bai ma ɗaga murya ba. Ya mayar da kuɗin aljihu kamar wanda aka dawo wa da kyauta.

"Bari in je wajen rumfar," ya ce. "Kar ta leƙo ba ta gan ni ba."

Uwar Aro tana da katin shiga, babu mai hana ta. Ta bi bayan yarinyar daga nesa, jakar robar a hannu. Ta ga ta cire agogo a wurin bincike ba tare da an ce mata ba, ta duba allo, ta gane ƙofarta. Duk abin da ta koya mata ta iya. A daidai shagon turare yarinyar ta rage sauri. Sai ta gyara mayafi ta wuce.

Uwar Aro ta shiga lungun. Can ƙasa uban yana tsaye cikin rana da rigarsa ta biki, ya ɗaga kai yana ƙifta ido. Ta daɗe tana kallon sa. Sannan ta zare zobenta ta sa a aljihu, ta matse yatsunta don su yi ƙanƙanta, ta manna tafin hannunta a gilashin.

Ya cire hula ya shiga kaɗawa.

Ba ta sauke hannun ba sai da aka kira ta a lasifika, wani yaro na jira a wurin sa hannu. Ta goge shatin yatsunta da bakin mayafi, ta tafi karɓo shi.